Tambaya da Amsa: Kwalbar giyar inabi ɗaya a kan dala 558,000

TAMBAYA: Malam, wani labari ya ɗaure mini kai. Wai an sayar da kwalba ɗaya tak ta jan giyar inabi, wadda aka yi tun 1945, a kan dala 558,000. Ni ba mashayi ba ne, sani kawai nake nema. Me ke cikin kwalbar nan? Kuma abin da ya haura shekara saba'in a ajiye ba ya lalacewa ne?
Daga wani mai karatu

AMSA: Malam, labarin gaskiya ne. Ni ma ba na sha, addinina ya hana, amma sinadaran abinci da abin sha su na karanta, don haka ga bayani.

A watan Oktoban 2018 kamfanin gwanjo na Sotheby's ya kaɗa wa kwalbar ƙararrawa a New York. Sunan giyar Romanée-Conti. A zama ɗaya aka sayar da 'yar'uwarta a kan dala 496,000, kuma dukansu sun fito ne daga ma'ajiyar Robert Drouhin, wani fitaccen dillalin giya na yankin Burgundi a gabashin Faransa. Gonar da ta haifi inabin tana ƙauyen Vosne-Romanée, kuma ba ta cika hekta 2 ba. A 1945 kwalba 600 kacal aka samu daga cikinta.

Abin da ya ƙara mata tsada shi ne tarihin saiwarta. A shekarun 1860 wani ɗan mitsitsin ƙwaro mai suna filoksera ya shigo Turai daga Amurka, yana cin saiwar inabi ta ƙarƙashin ƙasa, har ya kusan share gonakin Faransa. Maganin da aka samu shi ne a yi wa inabin Turai aure da saiwar inabin Amurka, wadda ƙwaron ba ya iya kashewa. Kusan kowa ya bi wannan hanya. Masu Romanée-Conti suka ƙi, suka riƙe tsofaffin itatuwansu da saiwarsu ta asali, suna zuba wa ƙasa magani, har yaƙin duniya na biyu ya sa maganin ya yi wuyar samu, itatuwan suka galabaita. Da aka gama girbin 1945 sai aka tumɓuke su gaba ɗaya. Aka sake dashe a 1947, kuma gonar ba ta sake fitar da giya ba sai 1952. To ka ga wanda ya biya kuɗin nan ya sayi ruwan ƙarshe na itatuwan da babu su a doron ƙasa, na shekarar da yaƙi ya ƙare. Duk kwalbar da aka buɗe kuma, ta rage saura, ta ƙara wa sauran kuɗi. A ganina nan ne mafi yawan dalolin suka tafi, ɗanɗano ya samu ɗan abin da ya rage.

Batun lalacewa kuwa, tana lalacewa sarai. Mafi yawan giyar inabin da ake yi a duniya an yi ta ne a sha cikin 'yan shekaru, idan ta daɗe ta salance ko ta koma ruwan khal. Kaɗan ce ke jure tsufa, kuma abin da ke riƙe ta shi ne bauri da tsami. Baurin yana fitowa daga sinadarin tanin da ke cikin ɓawon inabi da ƙwayarsa, wanda kake ji yana tamke maka baki idan ganyen shayi ya daɗe a ruwan zafi. Jan giya ta fi farar giya yawan tanin saboda tare da ɓawon ake tsima ta. Inabin Cabernet Sauvignon na yankin Bordo a Faransa ɓawonsa na da kauri, shi ya sa giyarsa tana sabuwa take da kaushi a baki. Pinot Noir na Burgundi ɓawonsa siriri ne, ya fi dogara ga tsami.

Cikin shekaru, tanin da sinadaran launi suna ta haɗuwa da juna, wasu su yi nauyi su kwanta a gindin kwalba. Baurin ya yi laushi, launin ya tashi daga ja mai duhu ya koma na jan bulo, ƙamshin 'ya'yan itace ya ja baya, wani ƙamshin daban ya taso. Duk wannan yana buƙatar iska, amma 'yar ƙanƙanuwa. Matoshin kwalbar, wanda ake yi da ɓawon wata bishiya da ta fi yawa a Fotugal, shi ne mai gadin ƙofa. Idan ya bushe ya tsuke, iska ta kwararo, an yi asara. Shi ya sa ake kwantar da kwalba a kan gefenta don ruwan ya riƙa jiƙa matoshin, a ɗaki mai duhu da laima, sanyinsa wajen digiri 12 zuwa 14, ba hawa ba sauka. Masu gwanjo kafin su duba komai sai sun duba inda ruwan ya tsaya. Idan yana wuyan kwalba ko saman kafaɗarta, madalla. Idan ya sauka ƙasan kafaɗa, farashi ya faɗi, domin gurbin ruwan da ya tsere iska ce ta cike shi. Babbar kwalba mai lita ɗaya da rabi ta fi ta mililita 750 jinkirin tsufa, don iskar da ke wuyanta kusan ɗaya ce amma ruwan ninki biyu ne.

Ko da an bi duk ƙa'ida, giya tana hawa ta kai ganiyarta, ta tsaya, sannan ta gangaro. A gidan tarihin garin Speyer na Jamus akwai kwalbar da aka tono a 1867 daga kabarin wani Barume na ƙarni na 4, har yau da ruwa a ciki. Babu mai hankalin da ya ce zai sha.

TAMBAYA: Yaya ake ɗanɗana irin wannan tsohuwar giya? Na ga masana suna cika shafi guda a kan kurɓi ɗaya. Me suke ji haka?
Daga wata mai karatu

AMSA: Malama, aikin yana farawa kwana ɗaya ko biyu kafin a buɗe, lokacin da ake miƙar da kwalbar tsaye don abin da ya kwanta a gefenta ya gangara gindi.

Wani taro ya taɓa kai ni Faransa, kuma a liyafar rufewa aka fito da wata kwalbar Bordo ta shekarun 1960. Ina zaune da ruwana a gabana, kusa da teburin da ake aikin. Ma'aikacin da ke kula da giyar gidan ya yanke dalmar da ke bakin kwalbar, ya sa ƙyalle ya goge fumfunar da ke kan matoshin. Matoshin ya yi baƙi ya yi laushi, da ya huda shi da mabuɗi mai murɗawa da ya dagargaje ya zube ciki. Sai ya ɗauko wani ƙarfe mai harsuna biyu sirara, ya zura su tsakanin matoshin da gilashin, yana ɗan karkata su hagu da dama har suka nutse, sannan ya murza ya zaro a hankali. Duk da haka gindin matoshin ya ɗan marmashe a hannunsa. Ya kunna kyandir, ya riƙe kafaɗar kwalbar a saman hasken, ya fara tsiyaya ruwan cikin wani tulun gilashi, bai tsaya ba bai kuma yi sauri ba, idonsa na kan kafaɗar. Da wani baƙin zare na gwiɓa ya taso ya nufo wuya, ya ɗaga hannu. Abin da ya bari a gindi ya kai kaurin yatsa biyu.

Ƙamshin ya iso har inda nake, kuma babu alamar inabi a cikinsa. Danshin ƙasa na ji, da jemammiyar fata, da busasshen ganyen taba. Kafin a kwashe kwanuka, dattijon da ke gefena ya sake kai hanci cikin kofinsa ya girgiza kai, ya ce ta tafi. Ruwan da ya shekara da yawa a kulle, idan ya haɗu da iska sosai, ƙamshinsa yana buɗewa ya watse cikin ɗan lokaci, wani sa'in ƙasa da awa ɗaya. Shi ya sa wasu masana ba sa yarda a juye tsohuwar Burgundi cikin tulu ko kaɗan, daga kwalba sai kofi.

Shi mai ɗanɗanon yana fara karkata kofi a kan farin ƙyalle ya dubi gefen ruwan, don a nan shekaru suke bayyana. Sannan ya sunsuna kafin ya motsa, ya ɗan juya kofin, ya sake sunsunawa. Sabuwar giya ana jujjuya ta da ƙarfi, tsohuwa ana lallaɓa ta. Sai ya kurɓa kaɗan, ya ja iska ta tsakanin leɓɓansa, abin da ke ba da wani sauti marar daɗin ji a teburin cin abinci. Dalilinsa shi ne harshe abu biyar kawai ya sani: zaƙi, tsami, gishiri, ɗaci, da ɗanɗanon romo. Duk sauran abin da suke rubutawa hanci ne ya ji shi, ta bayan maƙogwaro. Abu na ƙarshe da suke aunawa shi ne tsawon lokacin da ƙamshin ke zama a baki bayan ruwan ya wuce, kuma wannan suke ɗauka babbar shaidar inganci. Ana kawo ta da sanyin digiri 16 zuwa 18. Waɗanda ɗanɗano ya zame musu sana'a kuwa tofarwa suke yi a wani bokiti, in ba haka ba kafin azahar ba su san inda kansu yake ba.

Akwai aibobin da kowa ya yarda da su. Wani sinadari da ake kira TCA yana kama matoshi ya sa giya warin jiƙaƙƙen kwali. Wata kuma ta yi tsamin khal. Amma ga abin dariya: Cheval Blanc ta 1947, wata giyar Bordo wadda masana da yawa ke sa wa a sahun gaba na ƙarnin da ya wuce, a ma'aunin ɗakin gwaji mai aibi ce. Bazarar shekarar ta yi zafi ƙwarai, inabin ya cika sukari, tsimin ya riƙa tsayawa, aka samu ruwa mai kauri, barasarsa ta haura kashi 14 cikin 100, da ragowar zaƙi da ɗan tsamin khal. Ɗalibin da ya kawo irinta a jarrabawa yau faɗuwa zai yi. Amma a 2010 an sayar da kwalbarta mai lita 6 a Jeniba a kan dala 304,375.

TAMBAYA: Malam, tsakani da Allah, idan aka zuba wa masanan nan giya mai arha a tsohuwar kwalba, za su gane?
Daga wani ɗalibi

AMSA: Ƙanena, an gwada, kuma sau da yawa ba su gane ba.

Ba na raina hancinsu. Wanda ya shekara talatin yana sunsunawa yana iya bambance inabi da inabi, ya kama aibin da ni da kai ba za mu ji ba. Amma ido da kunne suna riga hanci isa. A wani binciken da aka buga a 2001, Frédéric Brochet da abokan aikinsa sun zuba wa farar giya jan launi marar ƙamshi suka ba ɗalibai 54 masu karatun giya a Jami'ar Bordo. Ɗaliban suka siffanta ta da kalmomin da ake siffanta ja. A 2008 kuma wasu masu bincike a Kalifoniya suka ba mutane giya ɗaya sau biyu, sau ɗaya aka ce musu ta dala 10 ce, sau ɗaya aka ce ta dala 90, ana ɗaukar hoton ƙwaƙwalwarsu. Suka ce ta dala 90 ta fi daɗi, kuma sashen ƙwaƙwalwa mai kula da jin daɗi ya fi motsawa da gaske. Wato ba ƙarya suka yi ba, farashin ne ya shiga ɗanɗanon.

Tun kafin nan an sha kunya a Paris. Bordo tana da jerin darajoji da aka tsara a 1855 bisa umarnin Napoleon na Uku, inda gidajen giya na Lafite da Latour da Margaux da Haut-Brion suke aji na farko, Mouton Rothschild ta bi su a 1973. A watan Mayun 1976 wani Bature ɗan Ingila, Steven Spurrier, ya tara alƙalai Faransawa ya ba su giya ba tare da sun ga kwalba ba. A ɓangaren ja, Stag's Leap ta 1973 daga Kalifoniya ta zo ta ɗaya, ta doke Mouton da Haut-Brion.

Tsohuwar giya ta fi sauƙin yi wa jabu, don kusan babu wanda ya sha ta sau da yawa har ya riƙe ɗanɗanonta. Idan kwalba ta zo da wani ɗanɗano daban, sai a ce ai tsofaffin kwalabe kowace da halinta. Da yawa ma ba a buɗe su, ajiya ake yi ana jiran farashi ya tashi.

A watan Disambar 1985 kamfanin Christie's a Landan ya sayar da wata kwalba da aka zana wa 1787 da sunan Lafite da haruffan Th.J., aka ce ta Thomas Jefferson ce, shugaban Amurka na uku, wanda ya yi jakadanci a Faransa. Wani Ba'amurke, Christopher Forbes, ya biya fam 105,000. Aka kafa ta a wurin nuni ƙarƙashin fitila, zafin ya busar da matoshin, ya faɗa ciki. Wanda ya kawo ta, wani Bajamushe mai suna Hardy Rodenstock, ya ce a wani rufaffen ɗaki aka tsinto su a Paris, bai taɓa faɗin adireshin ba. Attajirin Amurka Bill Koch ya sayi huɗu daga irinsu a kan kusan dala 500,000. Da ya nemi tabbaci daga masu kula da takardun Jefferson, mutumin da ke rubuta duk abin da ya saya, suka ce ba su ga shaidar cewa nasa ne ba. Masu binciken da ya ɗauka suka ce da injin lantarki aka zana haruffan. Rodenstock har ya mutu a 2018 bai amsa laifi ba.

Na Rudy Kurniawan ya fi wannan girma. Matashi ne ɗan Indonesiya mazaunin Kalifoniya, mai hanci na gaske, wanda a 2006 kaɗai ya sayar da giyar kusan dala miliyan 35 a gwanjo biyu. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. A 2008 ya sa kwalaben giyar Clos Saint-Denis ta gidan Ponsot na Burgundi a gwanjo, masu shekarun 1945 zuwa 1971. Laurent Ponsot ya hau jirgi daga Faransa ya zo New York ya sa aka janye su, domin gidansu bai fara yin wannan giyar ba sai 1982. A watan Maris na 2012 hukumar FBI ta shiga gidan Kurniawan ta tarar da tulin takardun manna wa kwalba, da hatimai, da matosai, da tsofaffin kwalabe da ake jiƙawa don ɓare takardunsu. Haɗa giya yake yi, ya cakuɗa wannan da waccan har ta yi kama da wadda ake nema, kuma manyan masu tarawa sun sha sun yaba. Aka yanke masa shekara 10, aka mayar da shi ƙasarsu a 2021.

Kimiyyar nukiliya ta fi hanci amfani a nan. Kafin gwajin bam ɗin nukiliya na farko a 1945 babu sinadarin siziyom-137 a iska da ƙasa. Gwaje-gwajen da suka biyo baya suka watsa shi ko'ina, ya shiga inabi. Wani masanin kimiyya a Bordo, Philippe Hubert, yana auna shi ta jikin gilashi ba tare da an buɗe kwalba ba. Kwalbar da aka ce ta 1900 ce, idan aka same shi a ciki, magana ta ƙare. Sai dai rashinsa bai wanke ta ba, don mai wayo yana iya neman tsohuwar giya marar suna ya ɗura. Da aka auna kwalbar Koch ba a samu siziyom ba, zanen haruffan ne ya tona asiri.

TAMBAYA: Wani abokin aikina ya ce idan jan giya ta tsufa barasarta tana fita ta zama maganin zuciya. Haka ne?
Daga wani ma'aikacin ofis

AMSA: Ba haka ba ne, ɗan'uwa. Kwalbar da aka toshe da barasa kashi 13 cikin 100, bayan shekara hamsin kusan haka za a same ta. Bauri ne ke raguwa, shi ya sa take shiga baki da laushi, amma tana bugarwa kamar sabuwa.

Maganar zuciya ta bazu ne bayan wani shirin talabijin na Amurka a 1991 ya danganta ƙarancin ciwon zuciya a Faransa da shan jan giya. Daga baya aka lura cewa binciken da yawa sun sa waɗanda suka daina sha saboda rashin lafiya cikin sahun marasa sha, abin da ya sa masu sha kaɗan suka fito kamar sun fi lafiya. Sinadarin resberatrol da ake ta yayatawa yana cikin ɓawon inabi, kuma abin da ke cikin kofi ɗaya bai kai ko kusa da adadin da ake ba ɓeraye a ɗakin gwaji ba. Tun 1988 hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sa barasa a rukuni na ɗaya na abubuwan da ke jawo ciwon daji, kuma a watan Janairun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin barasa da za a ce ba ya cutarwa. Idan abokin naka yana da matsalar zuciya ko hawan jini, ya je ya ga likita.